Akwatunan Maɗaci da 'Yar Gwangwani: Ga Malam Abdulsamad Mai Rediyo

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, babu wanda zai yi saura. Ranar Asabar, 15 ga Safar 1447, wadda ta yi daidai da 9 ga Agusta 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulsamad Mai Rediyo a gidansa na Birnin Kudu, bayan doguwar jinyar ciwon sukari. Ya rasu yana da shekara sittin da tara. Ya bar matarsa Hajiya Rahamatu, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da mu da muke cin tuwo da sana'ar da ya koya mana. An sallace shi bayan azahar ana yayyafi, jama'a kuwa har bakin titi.

Labarin ya iske ni a shagona na Gwaram, ina riƙe da ƙarfen dalma, ina liƙe wayar wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. 'Yarsa Kausar ce ta kira ni. Ta ce, "Baba Iliya, Baba ya cika." Ban san na ɗora ƙarfen a kan tebur ba sai da na ji ƙaurin katako. Na daɗe a tasha ina jiran mota, ko da na isa Birnin Kudu an riga an daidaita sahu. A na ƙarshe na sami wuri, ni da na yi shekara talatin da shida ina gaya wa mutane ni ne na kusa da shi.

Malam, bari in juyo gare ka. Masu rubuta ta'aziyya sun saba cewa ba su taɓa riƙe mamaci da komai a zuciya ba sai ƙauna. Ni ba zan yi maka wannan ƙaryar ba, don ko da ranka ba ka taɓa barin gurɓataccen sauti ya wuce kunnenka ba. Na ƙaunace ka, Allah shaida ne. Amma na yi ƙyashinka tun ina saurayi har furfura ta fito mini, kuma a shekararka ta ƙarshe na yi abin da ya fi wannan ban kunya, na yi kishi da wata 'yar na'ura da ba ta kai kwanon sha girma ba. Abu ɗaya na nema a wurinka duk tsawon zamanmu, ka saurari aikin hannuna ka ce "ya yi". Ka tafi ban ji ba.

A shekarar 1989 na zo maka daga Farin Dutse, ina da shekara goma sha bakwai, ɗauke da rediyon mahaifina a cikin buhu. Na riga na kwance ta a gida da tsinin wuƙa don in ga abin da ke magana a ciki, na kuma kasa mayar da ita. Ka zazzage buhun a kan tabarma, ka dubi tarkacen, ka tambaye ni ko akwai abin da ya ɓace. Na zaro ƙulli daga aljihu na nuna maka ƙusoshin, ko ɗaya bai salwanta ba. Ka ce wanda bai zubar da ƙusa ba zai iya koyo. Shekara bakwai na yi a gidanka ina ci daga tukunyar Hajiya Rahamatu, ba a taɓa ware mini kwano dabam da na 'ya'yanka ba. Ranar da za ka yaye ni, kai da kanka ka raka ni Gwaram, ka nema mini shago, ka bar mini akwatin kayan aikinka na biyu.

Alherinka ba ni kaɗai ya sama ba. Ranar kasuwa makiyaya kan cika ƙofar shagonka da rediyoyinsu, kowace an ɗinka mata riga da tsumma ko fata. Yawancinsu ba sa karanta lamba. In ka gama gyara ba ka miƙa wa mutum haka nan. Sai ka tambaye shi tashar da yake ji da safe da wadda yake ji da yamma, ka kamo su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauko kwalbar jan farce da kake ɓoyewa a aljihun tebur, ka ɗiga a daidai inda allurar ta tsaya. Ni ina dariya a ciki, babban mutum da jan farce. Har yau akwai rugage tsakanin Sundimina da ƙasarmu da in ka ɗauki tsohuwar rediyo za ka ga jajayen ɗigon nan guda biyu.

In azumi ya kama kai ake kira ka ɗaura lasifikar tafsiri, kuma ba ka taɓa yarda a yi maganar ladan aiki da kai ba. Sauran masu lasifika sukan tsaya kusa da malami su yi ta murɗawa har manyan da ke sahun gaba su gyaɗa kai. Kai sai ka zagaya can baya, wajen zanar da aka kewaye wa mata, ka tsaya daga nesa ka sa a tambayo maka tsohuwar da ta fi kowa nauyin kunne ko tana ji. Sai an dawo an ce tana ji sannan ka sauke hannu. Na ga ranar da wata tsohuwa ta aiko maka da ƙwai uku a ƙoƙo, ta ce shekara shida tana zuwa tafsiri don lada kawai, bana ne ta san abin da ake faɗa.

Amma abin da ya fitar da sunanka kunne ne, kuma nan ciwona yake. Kana da wata al'ada da duk wanda ya zauna da kai ya sani. Ba ka sauraron lasifika kana kallonta. Sai ka juya mata ƙeya, ka harɗe hannu a baya, ka sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Kakan ce ido ɗan kanzagi ne, da ya ga fenti da girman akwati sai ya raɗa wa kunne cewa abin ya yi daɗi. Bayan ɗan lokaci sai ka yanke hukunci, hukuncin naka kuwa iri biyu ne kawai, ko "ya yi" ko "da saura". Na ji ka ce wa kayan kanti "ya yi". Na ji ka ce wa aikin Munzali "ya yi", Munzalin da ya zo koyo bayana da shekara biyar, ya kuma watsar da sana'ar ya koma tuƙin mota. Ni kuwa kullum da saura.

Ba zan manta walimar saukar Alƙur'ani da aka yi a Gwaram ba, shekara goma bayan na buɗe shago. Akwatunan lasifika takwas na jera, duk ginin hannuna, mutane suna ta zuwa suna shafa su suna sa albarka. Ka sauko daga mota, ka tsaya gindin darbejiya, ka juya ƙeya. Ko minti biyu ba ka yi ba ka yafito ni, ka gaya mini a hankali cewa akwati na uku daga hagu na juya masa waya, yana turawa lokacin da 'yan'uwansa ke ja. Na buɗe, na tarar haka ne. Ba ka faɗa wa kowa ba har ka koma ga Allah. Da mai hankali ne ni da godiya na yi. Maimakon haka kwana uku na yi ina cin raina, ina tambayar kaina dalilin da aka ba mutum ɗaya irin wannan kunne, alhali na fi ka iya aikin katako, na fi ka tsabtar dalma, na fi ka karance-karancen sana'a. Masu zuwa hayar kayan sauti su suka fi ƙona mini rai. Mutum zai zo har shagona, ya ga kaya, ya ji da kunnensa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam na Birnin Kudu ya ji su kuwa?"

Shekara uku da suka wuce ciwon ya sauka a idanunka. Da farko ka daina ganin ƙananan lambobi, sannan ka daina gane fuska, daga baya ka rufe shago ka koma ɗakinka na kusa da zaure. Na yi kuka ranar da na ga hannun da ya koya mini dalma yana laluben buta. Amma tunda na ɗauki alkawarin gaskiya zan cika. A ƙarƙashin kukan nan akwai wani tunani, cewa yanzu kunne kaɗai ya rage maka, kuma ni ne zan cika shi. Na ƙudura zan gina maka kayan sauti irin waɗanda ba a taɓa ji ba a yankin nan namu, in kai maka kyauta, in ga ta inda "da saura" zai ɓullo.

Wata goma sha huɗu aikin ya ci. Na samo busasshen katakon maɗaci wurin wani tsohon kafinta da ya ajiye shi don ƙofar ɗakinsa, sai da na yi masa sawu biyar kafin ya sallama. Na gina akwatuna biyu, kowanne ya kawo mini ƙirji. A cikin kowanne na sa lasifika uku, babba don kaurin sauti, matsakaiciya don muryar ɗan'adam, ƙarama don siririn amon da ke can sama. Na cusa auduga a cikinsu don kada katako ya tsoma baki. Wayoyin da ke raba sauti tsakanin lasifikun da hannuna na naɗa su, na warware, na sake naɗawa. Sau uku ina zuwa Kano neman kayan amfilifaya, da na gama ta kuwa sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga. A fuskarta na jera maɓallai da abubuwan murɗawa goma sha ɗaya, kowanne da aikinsa, kuma babu abin da na yi alfahari da shi kamar goma sha ɗayan nan.

Ana saura mako guda a kama azumin da ya wuce na kawo maka su. Mutum huɗu suka sauke. Ina sa ƙafa a ɗakin na ji karatu na tashi daga kusa da matashin kanka. Na duba, sai ga wata 'yar baƙar aba a kan kujerar tsugunno, tsayinta bai wuce gwangwanin madara ba, da zoben haske a kanta. Kausar ce ta kawo maka daga Kano inda take aikin jinya, ta haɗa ta da intanet da 'yar solar gidan. Irin lasifikar zamanin nan ce mai jin magana, wadda ba sai an taɓa ta ba. Ka kira ta, ka gaya mata da ɗan Turancinka na makarantar koyon sana'a surar da kake so, ta sa maka. Ka tambaye ta ƙarfe nawa, ta faɗa. Ka ce har lokacin shan magani tana tuna maka. Duk kana nuna mini kana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun kafin idanun su tafi. Ni na raɗa mata 'yar gwangwani, kuma ba don so na raɗa ba.

Na haɗa maka kayana. Ka tashi ka shafa akwatunan daga sama har ƙasa, ka shinshina, ka ce maɗaci ne, ka sa mini albarka har na ji kunya. Da na nemi ka juya ƙeya sai ka ce a bari tukuna, sabon katako sai ya saba da ɗaki. Duk azumin nan kowace Juma'a ina hanya. Kuma kowace Juma'a abu ɗaya nake tararwa, akwatunana lulluɓe da tsohon zanen Hajiya, an ɗora fulas ɗin shayi a kan ɗaya, 'yar gwangwani kuwa tana ta karatu a gefen kunnenka. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Nakan gaishe ka, in zauna, in kasa kallon komai a ɗakin sai ita.

Na saurare ta da kunnen abokin gaba, kuma ba zan zalunce ta ba, tana da wayo. Murya tana fita daga cikinta tas, ba kakkarwa, ba shashshaka, don masu ƙera ta sun san yawancin mutane magana suke son ji. Amma lasifikarta ɗaya ce tak, 'yar mitsitsiya, komai ta ƙofa ɗaya yake fitowa, ba hagu ba dama. Kaurin da take yi na aro ne, dabara ce aka sa mata, tana kumbura abin da take iyawa don kunne ya zaci ya ji abin da ba ta iyawa. In aka ƙara mata murya sai ta matse sautin, raɗa da tsawa su dawo tsayi ɗaya. Na san wannan, kai ma ka fi ni sani. Shi ya sa abin ya ci ni. Da wani ne ya fifita ta da na ce jahilci ne, na yi barcina.

Kwana uku bayan Ƙaramar Sallah na kasa haƙuri, na ce sai an gwada su gaba da gaba. Kausar tana gida hutun Sallah. A wayarta akwai karatun malaminka, marigayi Alaramma Sada na Sundimina, wanda kai da kanka ka ɗauka a kaset da makirufo biyu a zaurensa tun kafin in san ka, ita kuma ta juye shi don kada ya lalace. Na ɗora 'yar gwangwani a tsakanin akwatunan, na ce Kausar ta sa karatun a ɗaya sannan a ɗaya, kada ta faɗi wanne ne. Bayan la'asar ne, Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa.

Ka yi dariya ka ce, "Iliya, makaho ma sai ya juya ƙeya?"

Amma ka juya. Ka fuskanci bango a kan gadonka, ka harɗe hannu a baya, ka sunkuyar da kai. Kausar ta sa a 'yar gwangwani da farko, aya biyar, ta tsayar. Sannan ta sa a nawa. Ba a kai aya ta uku ba na ga kafaɗarka tana rawa.

Da aka gama ka daɗe ba ka juyo ba. Sannan ka ce, "Na farkon ya kawo mini karatun, ba laifi. Na biyun nan kuwa zauren ya kawo gaba ɗaya. Ga numfashin Alaramma kafin ya ja madda. Ga tasbaharsa tana ƙwas-ƙwas a hagu. Ga tattabarun nan da suka hana ni sakat ran nan, can baya ta dama. Shekara arba'in ban ji tattabarun nan ba. Na biyu ya fi, nesa ba kusa ba."

Da nan na tsaya da na koma Gwaram da abin da zai ishe ni har kabari. Amma mai ƙyashi ba ya ƙoshi. Na ce, "To, Malam, ya yi ke nan?"

Ka ce in ɗora hannunka a kan amfilifayar. Na ɗora. Ka bi fuskarta da yatsa a hankali kana ƙirgawa, har ka kai ƙarshe.

Ka ce, "Goma sha ɗaya. Wa ka gina wa wannan, Iliya?"

Na ce, "Kai na gina wa, Malam."

Ka ce, "A'a, mai ido ka gina wa. Ran nan ba ka nan na ce bari in ji su, na murɗa ɗaya, ƙara ta tashi har jikata ta farka da kuka, na rasa wanda zan murɗa in mayar. Tun ran nan nake tsoronsu. Da saura."

Gaskiya ka faɗa, kuma a hankali ka faɗe ta. Ni kuwa abin da na ji shi ne an kayar da aikin wata goma sha huɗu a gaban Hajiya da 'yar da aka haifa ina gidan, an kuma kayar da shi saboda gwangwani. Washegari na ɗauko a-kori-kura na kwashe kayan, na ce zan je in gyara sauran. Hajiya ta biyo ni har zaure tana cewa ko ruwa ba zan sha ba. Kai daga ɗaki ka ɗaga murya ka ce Allah Ya ba da sa'a. Na san abin da addini ya ce game da mai karɓe kyautarsa, na kuma san a raina ba gyara kaɗai ya sa na kwashe su ba. So nake ka ji ɗakin ya yi maka faɗi.

Gyaran kuwa na yi shi, mako uku ya ɗauke ni. Na cire fuskar amfilifayar, na daidaita goma a inda na san kunnenka zai so, na mayar da su ciki na rufe. Na bar guda ɗaya, na sassaƙa masa kan katako babba da zai cika tafin hannu, shi ne kunnawa, shi ne ƙara murya, da 'yar tsaga inda yatsa zai tsaya don kada ya wuce kima. Tun kafin watan Babbar Sallah ya tsaya aikin ya kammala. Sai na zauna. Na ce in yana so ya aiko. Na ce ai yana da mai yi masa hira. Kowace safiya ina goge akwatunan, ina duba waya, ina raya yadda kake kiran 'yar gwangwani tana amsawa, sai in ajiye wayar in koma kan aiki. Da Babbar Sallah na ba direba cinyar rago ya kai maka, ni ban je ba. Wata huɗu cur na yi haka, a kan tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan kai ba. An ce zumunci a ƙafa yake, ni na naɗe tawa ina jiran a roƙe ni.

Ranar addu'ar uku, bayan jama'a sun ragu, Kausar ta aiko a kira ni ɗakinka. Gadon yana nan an gyara shi, 'yar gwangwani tana kan kujerarta an zare mata waya. Kausar ta gaya mini abin da ban sani ba, cewa na'urar tana ajiye abin da aka faɗa mata, ana iya saurarensa a wayar wanda ya haɗa ta. Tun ranar rasuwar take bi ɗaya bayan ɗaya don ta ji muryarka. Ɗaruruwa ne, gajeru-gajeru, ka nemi sura, ka tambayi lokaci, ka nemi labarai. Ta ce, "Baba Iliya, akwai guda uku da ya kamata ka ji."

Na farko jajibirin Babbar Sallah ne. Na biyu cikin Muharram. A duka biyun da Turanci ka umarce ta ta kira ni, ta amsa cewa ba za ta iya ba, don ba a taɓa haɗa ta da kiran waya ba. Na uku ranar Laraba ne, kwana uku kafin ka cika. A wannan ba ka wahalar da kanka da Turanci ba. Ka ce, "Kira mini Iliya na Gwaram."

Na tambayi Kausar me ya hana ka sa mutum ya kira ni, ga waya a hannun kowa a gidan. Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Sau nawa na ce bari a kira ka, ya hana. Ya ce kana kan aiki, ba a tsaya wa mai aiki a ka, in ka gama za ka zo da kanka." A gaban iyalinka ke nan. Sai ɗaki ya zama ba kowa sannan ka roƙi na'ura, don ita ba za ta gaya wa kowa cewa maigida ya nemi yaronsa ya rasa ba.

Ko a wannan hali, Malam, kunnen sana'a bai bar ni ba. Na ji yadda ɗaukar ta yi siriri, na ji ƙarar fanka ta cinye rabin muryar, na ji an datse farkon kalma. Ina da makirufo a shago da zai ɗauki motsin leɓenka. Na ɗauki muryar malamai, da iyayen amare, da masu neman ƙuri'a, kaset da faifai sun cika mini kwali shida. Shekara talatin da shida ban taɓa sa makirufo a gabanka ba, don ban taɓa tunanin muryarka abar ajiyewa ce ba, hukuncinka kawai nake jira. Yau duk abin da ya rage na muryarka a duniya yana hannun abar da na raina. Har yanzu ina kishinta, ba zan ɓoye ba. Ita ta zauna da kai watannin da na ƙi zuwa, ita ta ji sunana a bakinka.

Kausar ta tura mini guda ukun. Da na koma Gwaram na rufe shago da rana tsaka, na haɗa wayar da akwatunan, na murɗa kan katakon nan har yatsana ya faɗa tsagar, na sa na ukun. Kayan kirki ba sa ƙawata komai, ba sa kuma ɓoye komai. Abin da ban ji a waya ba sai ga shi a fili, yadda ka tsaya ka tattaro numfashi kafin ka iya faɗin "Gwaram". Sau ɗaya na sa, ban iya sake sawa ba.

Ya Allah, ga bawanka Abdulsamad ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganin da Ka karɓa da wanda ya fi shi. Duk harafin Alƙur'ani da ya isa kunnen wani ta hanyar wayar da ya ɗaura, Ka sa a mizaninsa. Ka sada shi da malaminsa da iyayensa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rahamatu, wadda ta ciyar da ni shekara bakwai kuma na fita daga gidanta ban sha ruwanta ba. Inna, ki yafe mini. Ina yi wa Kausar ta'aziyya da godiya, don ita ta dubi mahaifinta ta ga abin da yake bukata lokacin da ni nake duban kaina. Ina yin ta'aziyya ga yayanta Ismail da sauran 'yan'uwansu, da ƙanin marigayi Alhaji Bappa, da jikoki, da abokan sana'a, da mutanen Birnin Kudu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ni kuma, Malam, kiran ya iso, kwana biyar bayan na ƙarshe. Na'am. Aikin ya daɗe da gamuwa, ni ne ban zo ba. Ka yafe mini, Allah Ya yafe maka.

Iliyasu Mai Lasifika
Gwaram